Ƙafafun Jan Goro

Hantsi bai gama ɗagawa ba labari ya gama zangon Salaga: an sace Jan Goro, dokin tseren da ke gidan Alhaji Seidu mai goro. Kafin Mikaila ya iso, mutane sun cika bargar sun tattake ƙasa kamar ranar kasuwa. Abin da ya fara ɓata masa rai ke nan. Shi mai bin sawu ne, shi fatake ke nema idan an kore musu shanu, kuma ba abin da ya tsana kamar taron jama'a a kan sawu.

Abu na biyu ya fi muni. Bai ga ɗansa Fatawu ba, alhali Fatawu ne mahayin dokin, a ɗakin bargar yake kwana.

"Kada ka wahalar da wuyanka, Mai-Sawu," in ji Alhaji Seidu daga kan kujerarsa. "Ɗanka yana caji ofis. Ni na kai shi."

"Alhaji, me ya yi?"

"Dubi igiyar."

Mikaila ya duba. Ba yanke ta aka yi ba, kwance ta aka yi a tsanake. Sabon sirdin Alhaji na rataye, linzami ma yana nan, tsohuwar ragama kawai aka ɗauka.

"Dokin da ke cizon baƙo, an fita da shi ko haniniya bai yi ba," in ji Alhaji. "Hannun da ya sani ne. Jiya kuma an ga Fatawu a tasha yana cin tsire da direban Bawku. Mutumin Akra yana tafe da kuɗin sayen dokin nan. In ya iso babu doki, ɗanka ya tafi kotu a Tamale."

Jan Goro ba na Alhaji ba ne shi kaɗai. Mutum uku ne suka raba shi ƙafa-ƙafa, don ciyar da dokin tsere ya fi ƙarfin aljihu ɗaya. Alhaji ke da na gaba biyu. Ta baya ta dama ta Malam Abdul-Kadiri ce na Yendi, ta hagu kuwa Hajiya Atikatu ta Bawku ta gada wajen mijinta. Dokin yakan zaga gidajensu, kowa ya ciyar gwargwadon ƙafarsa, ya ci riba gwargwadonta. Suna da wata ƙa'ida kuma tun ranar da igiya ta ci ƙafar wani a gidan wani har aka kusa dambe: kowa da ƙafarsa zai ɗaure dokin a turke, kada ya taɓa ta ɗan'uwansa.

Mikaila ya zaga bayan katanga, inda ƙafar mutane ba ta kai ba. Nan ya ga sawun. Bai iya ɓace masa, don kofaton baya na hagu yana da tsaga, kan bar layi siriri a ƙasa. Ya bi shi ta gefen tsofaffin rijiyoyi, ya ratsa gonar doya, har zuwa babbar hanya. A nan garken shanu da lorin kasuwa suka shafe komai. Ya tsaya yana duban jar ƙasa, hanya ta yi kudu ta yi arewa, ba ta ce masa komai ba.

*

A caji ofis, Fatawu na zaune a ƙasa bayan ƙarfuna, babu riga. Ya kusa kai uban tsawo, amma siririn jiki ne, irin wanda masu doki ke so.

"Ina ka kwana?"

"Baba, bidiyo na je kallo a tasha. Da aka tashi sai na kwana wajen abokina."

"Bidiyo." Mikaila ya kama ƙarfen da hannu biyu. "An ba ka amanar dabbar da in an sayar da gidanmu da mu a ciki ba za a biya wutsiyarta ba, ka tafi kallon Sinawa suna dukan juna."

"Sau nawa nake zuwa ba abin da ya faru."

"Kada ka maimaita wannan a gaban Alhaji. Direban Bawku fa?"

"Direban Hajiya Atikatu ne. Tambayata ya yi ko Jan Goro zai yi gudu a Bawku da Sallah, yana so ya sa kuɗi a kansa. Shi ke nan."

"Ka gaya masa inda kake kwana?"

Fatawu ya kawar da kai. Can ya ce, "Baba, duk wanda ya ɗauke shi, a gaya masa ba ya shan ruwa in ba a sa kanwa ba."

Mikaila ya dube shi, ya rasa ko ya zage shi ko ya yi kuka. Ya miƙa masa ƙullin waake, shinkafa da wake, da Azara uwar yaron ta bayar, ya fita.

*

Kowa a zango ya riga ya yanke hukunci. Bawku bakin iyaka ce, Hajiya tana da lori, doki ya tsallaka Togo ko Burkina tuni. Masu shayi sun faɗa, mahauta sun faɗa. Mikaila ya ji maganar ta yi yawa har ta shiga kansa. Ya roƙi Alhaji kuɗin mota, Alhaji ya ce shi ba ya biyan uban ɓarawo ya je ya gaida abokan ɗansa. Azara ta sayar da tunkiyarta.

Hanyar Bawku ta bi ta Yendi, sai ya sauka ya ga Malam Abdul-Kadiri. Ɗan gidan malamai ne, amma shi a kasuwa yake, yana sayar da tasbaha da turare da alluna. Ya tashi tarbar baƙo da ƙyar, yana dafe da ƙugu.

"Jiki ne, Malam?"

"Ciwon baya ne, Malam Mikaila. Girma ya zo."

Ya kai shi gida, ya dafa masa shayi da kansa. A tsakar gida akwai turke da ya sha shafa har yana ƙyalli.

"A nan aka haifi Mabruku," in ji Malam. Shi bai taɓa kiran dokin Jan Goro ba, wannan sunan Alhaji ne ya laƙaba. "Ɗan goɗiyar mahaifina ne. Duka huɗun nawa ne a da. Shekarar yunwa na sayar wa mijin Hajiya ɗaya don in sayi masara. Da ya fara cin tsere, Alhaji ya zo ya ce doki irin wannan sai da gero da allura da mahayi na albashi. Na kasa, ya karɓi ɗaya. Na sake kasawa, ya karɓi ɗaya."

"Yanzu kuma za a sayar."

"Ƙafa uku sun yarda. Ɗaya me za ta ce?" Ya ƙara masa shayi. "Yaya yaron? Ba su dake shi ba dai?"

"Ba su dake shi ba tukuna."

"Allah ya fid da shi. Alhaji zai huce, ba shi da shaida."

"Malam, kana ganin in je Bawku?"

Malam ya daɗe yana juya cokali. "Tunda ka ɗauko hanya," ya ce.

*

Lorin da ya hau ya bi ta Gushegu, ya lalace kafin Garu, suka tura. Mikaila ya isa Bawku da kumburarriyar ƙafa. Ya sami Hajiya Atikatu a cikin rumfar albasarta, tana zaune kan buhu tana yi wa masu dako faɗa da Kusasanci da Mosanci, tana dawowa Hausa idan zagi ya yi zafi.

"Kai ne uban yaron? Zauna. A'a, ba kan wannan ba, na sayar da shi." Ta saurare shi har ya gama, sannan ta yi dariya. "Wato tun daga Salaga ka zo ka duba ko na ɓoye doki a cikin albasa."

"Hajiya, an ga direbanki da ɗana."

"Direbana ana ganinsa da kowa, ɗan caca ne. Doya ya ɗauko min daga Salaga, ga ta can ba ta ƙare ba. Je ka shinshina lorin, in ka ji warin doki na ba ka shi kyauta."

Ya je kuwa ya shiga bayan lorin, ya duba katakon ƙasa, ya duba kusurwoyi. Ƙasar doya ce da ɓawon albasa. Babu gashi, babu kashi, babu inda kofato ya karci katako.

"Ka gani?" in ji Hajiya. "Ni me zan yi da satar abin da nake roƙon Allah a raba ni da shi? Dokin nan ya ci tsere a Tamale, ya ci a nan, me na samu? Kofin ƙarfe da atamfa. Masu caca su ke kwasar kuɗi a bakin fili, mu masu ƙafa sai sayen dusa. Alhaji ne kaɗai ya gane cewa ribar doki ranar sayar da shi take. Ni ko taɓa dabbar ban taɓa yi ba, mai gadina ke ɗaure min ƙafata." Ta ɓare goro ta ba shi rabi. "Mai-Sawu, an ce kai ƙasa kake tambaya. Me ya kawo ka tambayar mutane?"

Mikaila ya sa goron a baki, ya tafi neman motar komawa.

*

Da ya koma Salaga, Azara ba ta tambaye shi hanya ba. Ta ce mutumin Akra ya aiko, yana Kumasi. Ta ce Fatawu ya fara tari. Ta ce matan unguwa sun daina aiko yara sayen kokonta.

"Maigida, tunkiyata ta kai ka Bawku ta dawo da kai. Me ka zo da shi?"

"Ba Hajiya ba ce."

"To madalla. Sai mu je mu gaya wa Fatawu ya ji daɗi."

Washegari da sassafe ya koma inda sawun ya ɓace. Wannan karon bai tsaya kan babbar hanya ba. Ya tambayi kansa abin da ya kamata ya tambaya tun farko: in ba lori aka sa dokin ba, hawansa aka yi, kuma wanda ya hau doki sananne irin wannan ba zai bi inda motoci ke wucewa ba. Tsohuwar hanyar fatake zai bi, kuma dole ya tsaya inda ruwa yake.

Ya shiga tsohuwar hanyar, ciyawar ƙarshen damina har ƙirjinsa. Rana ta take sosai kafin ya kai wani rafi. Wata mata na dafa ƙwarar kaɗanya a gefe, ya gaishe ta da guntun Gonjancinsa, ya tambaye ta doki. Ba ta ga doki ba, ta ce, amma akwai kashinsa a gindin ɗorawa can, ta yi niyyar kwasa ta kai lambu.

"Kada ki taɓa," ya ce. "Don Allah."

Ƙasar gindin ɗorawar yumɓu ce, an taka ta tana da danshi, ta bushe da komai a jikinta. Ga kututture da igiya ta goge. Ga da'irar da dokin ya zaga. Ga layin tsaga a sawu. Jan Goro ya wuni a nan.

Mikaila ya tsuguna ya daɗe, don wani abu bai zauna masa daidai ba. Dokin da aka ɗaure da ƙafar gaba, kansa na kusa da turke, kashinsa kan faɗi can bakin da'ira. A nan kashin a gindin kututturen yake tare, ciyawar da aka ci kuwa tana can waje, nesa da inda igiya za ta kai. Da ƙafar baya aka ɗaure shi.

Ya bi sawun baya biyu da yatsa. Mai tsagar, na hagu, yana fita ya wuce iyakar igiya. Ɗayan ko sau ɗaya bai wuce ba, kullum a wuri guda yake tsayawa, har ya haƙa rami.

Ya zauna a ƙasa. Ya tuna mutum yana dafe da ƙugu, ya tuna shayi. Ya ce wa matar ta kwashe kashin in tana so.

*

Mutumin Akra ya iso, shi ya sa Alhaji ya kira masu ƙafa su zo a san abin da za a gaya masa. Aka taru a zauren Alhaji bayan azahar. Hajiya ta zo da lorinta, ta ɗauko Malam Abdul-Kadiri a Yendi. Baƙon yana gefe da baƙin tabarau yana duban agogo. Mutanen zango sun cika ƙofa.

Mikaila ya shigo babu wanda ya kira shi.

"In roƙo ka zo yi, ka makara," in ji Alhaji.

"Tambaya ce, Alhaji. In ka sami doki a daji ka so ɗaure shi, wace ƙafa za ka kama?"

"Ta gaba mana. Wane mahaukaci ne zai tsuguna a bayan ingarma?"

"Fatawu fa, a gidan nan da wace yake ɗaure shi?"

"Da tawa. Ta gaba."

"Ɓarawon daji ma ta gaba zai kama, ko ya ɗaura ragama a reshe." Ya tsuguna ya zana da'ira a ƙasan zauren, ya nuna musu inda kututture yake, inda kashi ya taru, inda aka ci ciyawa. Ya faɗa musu abin da ya gani a bakin rafi, bai ƙara ba bai rage ba. "Da ta baya aka ɗaure shi. Mutum biyu ne a duniya ke da dalilin yin haka."

Idanu suka koma kan Hajiya. Ta gyara mayafi. "Ku ci gaba da kallona, kyauta ne."

"Ta Hajiya ita ce mai tsaga," in ji Mikaila. "Ita a sake take, tana zuwa inda ta so. Ta dama ce a igiya."

Idanu suka bar kan Hajiya. Malam Abdul-Kadiri yana jan tasbaha, ya ci gaba da ja har ya kai ƙarshe, sannan ya sa ta aljihu.

"Yana rugar wani Bafulatani a bayan Yendi," ya ce. "Lafiyarsa ƙalau. Ina sa masa kanwa."

"Kai?" in ji Alhaji. "Ɗan gidan malamai?"

"Ban ɗauki sirdinka ba, ban ɗauki linzaminka ba, haka na hau shi babu komai har bayana ya kusa karyewa. Ragamar ta mahaifina ce. A bakin rafin nan na kama ƙafar gaba, igiya na hannuna, na kasa. Ba tawa ba ce. Na ɗaure wadda nake da ita."

"Wato ƙafarka ka ɗauka," in ji Hajiya, "namu uku suka bi ka don zumunci."

Wasu a ƙofa suka yi dariya. Mikaila bai yi ba.

"Malam, ƙafar Alhaji ka ji tsoron taɓawa. Ɗana fa? Na zauna a gidanka, ka dafa min shayi, ka tambaye ni ko an dake shi. Ka bar ni na tafi Bawku."

"Na ɗauka in mai sayen ya gaji ya tafi, za a sake shi, in dawo da dokin in ce tsintarsa aka yi."

"Ka ɗauka."

Malam ya sunkuyar da kai.

Wani daga ƙofa ya ce a kira 'yan sanda. Alhaji ya ɗaga hannu, don baƙon ya raɗa masa cewa shi ba ya sayen dokin da ke da shari'a a kansa. Nan take murya ta sauka. Aka ce abin cikin gida ne. Aka ce Malam zai bar ƙafarsa a farashin da Alhaji ya ga dama, a rufe magana. Malam ya gyaɗa kai. Hajiya ta ce lorinta zai ɗauko dokin, amma a biya ta mai. Baƙon ya cire tabarau, ya fara tambayar ko igiyar ta yi wa ƙafar rauni, aka shiga gardamar ko za a rage wani abu saboda haka.

Mikaila yana tsaye a tsakiyar zauren, ƙafarsa a kan da'irar da ya zana.

"Alhaji. Fatawu."

"Wa? Af. Je ka ce na janye." Ya juya ga baƙon, sannan ya waiwayo. "Ka gaya masa ya zo da wuri gobe. Shi zai wanke dokin kafin a loda."

*

Sai da Alhaji ya aiko ɗan saƙo caji ofis aka buɗe ƙofar. Fatawu ya fito yana ƙifta ido, haƙarƙarinsa a waje, yana tari. Azara na jira a bakin titi da riga a hannu, ta ƙi shiga.

Mikaila ya shirya maganganu tun daga bakin rafi. Zai ce masa ya bar dawakin masu kuɗi, ya koyi tela ko gyaran keke, ko ya bi shi daji. Zai ce masa a zauren nan an tambayi lafiyar ƙafar doki kafin a tuna da sunansa. Ya buɗe baki ke nan Fatawu ya riga shi.

"Baba, an same shi?"

"An same shi."

"Ya rame?"

Mikaila ya dubi wuyan ɗansa, ya dubi wandon da yake riƙe da hannu ɗaya don kada ya zame.

"Bai rame ba," ya ce. "Ana sa masa kanwa. Sa rigarka mu tafi."